Ban da Sannu

"Ban da sannu," in ji Mai Nasara. "Sharaɗina ke nan, ba ni da wani. Ka zage ni, ka zagi kakana, ka ce fatar jaki nake ɗinka wa mutane. Amma duk ranar da bakin nan naka ya ce mini sannu, ciniki ya watse."

Ɗanƙarami mahauci yana tsaye a bakin zaure da wuƙa a hannu, don daga kan nama aka kira shi. Sunan ne kawai ƙarami. In ya tsaya a ƙofa sai zaure ya yi duhu. Ya dubi maƙwabcin nasa, tsohon baduku, zaune kan buzu cikin tarin jar fata da korino, koriyar fatar nan ta ado. Akwai ledar magani da ya tura ƙarƙashin titimin da yake jingina da shi, bai gama ɓoye ta ba.

"Me lokotoron ya ce maka?"

"Ya ce hantata ta gaji da ni. Na ce masa ni ma ban taɓa ganin amfaninta ba, tunda ba a jeme ta."

"Magana nake tambayar ka, Baduku."

"Amsa na ba ka, Bangaro. Shuka dai zan gani, in Allah ya so. Kaka kuwa ya ce kar in sa rai."

Ɗanƙarami ya buɗe baki.

"Ka gani ko? Har ya taso maka. Haɗiye shi." Mai Nasara ya nuna shi da basilla. "Kai ma kana ganin irin bidiyon da ake yi yanzu. A kwantar da tsoho kan tabarma, a yaye masa riga, a nuna wa duniya haƙarƙarinsa, a rubuta lambar waya a ƙasa. Ni? Ni da alabena ya je Makka, ya je Tarabulus? Ban da haka ma, wanda ya sayi kaya don tausayi ba ya dawowa. In suka sayi kayan 'yata Rahama don ubanta yana mutuwa, ranar da aka rufe ni an rufe kasuwarta. So nake su saya don ɗinki ya yi kyau. Za mu ci gaba yadda muka saba, kuma ba wanda zai ji daga bakinka."

Ɗanƙarami ya san abin da ake so ya faɗa, sai ya faɗe shi.

"To ni me zan ci a ciki?"

"Kube."

"Albarka! Kuben da ka yi mini alkawari tun ban auri Larai ba? Yanzu jikokinta suna lakwal, suna karatun boko!"

"Wannan karon za ka same shi. Jar fata, gefen korino, har da tuntaye."

"Ba za ka auna wuƙar ba?"

"Wuƙar da ta ishe ni da gani?"

Ɗanƙarami ya mayar da wuƙar hagu, ya goge dama a jikin riga, ya miƙa. Hannun da ya shigo cikin nasa ba nauyi, sai ka ce fallen kilishi.

"Na saya."

"Na sallama."

Wanda ya tashi a Damagaram ba sai an gaya masa abin da ke tsakanin baduku da mahauci ba. Wasa ne na gado. Mahauci ya ce baduku da ragowarsa yake rayuwa, baduku ya kira mahauci Bangaro, ya ce bawansa ne mai yi masa fiɗa. Waɗannan biyun kuwa Allah ya haɗa su lungu ɗaya a unguwar Birni, ƙofa na duban ƙofa, rairayi ne kawai a tsakani. Ɗaya na shanya kilishi kan gadon kara, ɗaya na ɗinki a zaure, bakunansu ba sa hutawa. Mu 'yan unguwa mun saba, kamar yadda aka saba da kukan kurciya.

Rahama ce ta kai su duniya, kuma ba da niyya ba. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta ta zauna kusa da shi tana ɗinki. Wata rana ta jera alabe da jakunkuna ta ɗauke su bidiyo ta sa a Tiktok, ko Allah zai kawo mai saye. Ashe muryoyin tsofaffin sun shiga ta baya. Ba wanda ya yi maganar alabe. Kowa tambayarsa ɗaya: su wa ke faɗa haka? Rahama ba ta da wauta. Sai ta juya wayar.

Daga nan abu ya kama. Kullum da hantsi Ɗanƙarami zai tsallako da faifan kilishi, ja da fari da rumuzu, ya zauna bakin zaure, su buɗe wuta. A tsakiyar zagi Mai Nasara zai ɗaga alabe ya ce, "Wannan ba irin na mahauta ba ne, su a hula suke ajiya." Ɗanƙarami zai ɗaga falle ya ce, "Ku dubi nama, rana ake gani ta cikinsa." Rahama ta yanka gajeru ta sa a Tiktok, dogayen ta sa a Yutub. Komand, wato odar kaya, ta fara zuwa daga Yamai, daga Agadas, daga Kano, har daga 'yan gida da ke Faransa. Wata Hajiya Bilkisu a Yamai ta zama babbar mai sayen Ɗanƙarami. Kwali-kwali ake ɗora mata kilishi a mota. 'Yan kabu-kabu in sun wuce lungun sai su danna oda su yi ihu, "Bangaro! Ina Baduku?"

Haka ake ciki aka ƙulla wancan ciniki.

Bazara ta wuce da zafinta, aka yi ruwan shuka. Mai Nasara ya fara zubewa. Hular da a da take zama daram ta koma sauka har kunne. Fararen idanunsa suka yi rawaya. Amma kullum da hantsi sai ya sa a fito da shi zaure, a jingina shi da titimi biyu, ya sa rigarsa mai aiki, ya ce wa Rahama ta kunna.

"Jama'a ku dube shi," in ji Ɗanƙarami wata safiya, yana duban waya. "Rowa ta cinye Baduku. Ya ƙi sayen nama. Akuyar bazara ta fi shi abin kamawa."

"Na daina cin nama ne," in ji Mai Nasara, "tun da na lura an daina jin kukan jakuna a Birni."

Rahama ta yi dariya har wayar ta girgiza. Sai numfashin tsohon ya sarƙe. Basilla ta suɓuce masa ta faɗi cikin rairayi, ya miƙa hannu bai kai ba. Duk jikin Ɗanƙarami ya ce masa ya sunkuya ya ɗauko. Maimakon haka sai ya sa yatsan ƙafa ya tura masa ita.

"Ɗauki abinka. Ba ni da lokacin yi wa baduku bauta."

Mai Nasara ya ɗauka, ya ɗago kai, ya yi masa wani kallo da su biyu kaɗai suka san ma'anarsa. Da Rahama ta ce za ta yanke wurin, sai ya hana. Ya ce ba a taɓa yanke musu magana ba, ba yau za a fara ba.

Wannan bidiyon shi ya ja wa Ɗanƙarami. Da a Damagaram kawai ake kallo, da ba komai. Amma abin ya riga ya kai ga mutanen da ba su taɓa jin wasan mahauci da baduku ba. Su abin da suka gani, ƙaton mutum yana tura wa tsoho marar lafiya allura da ƙafa.

Shi Ɗanƙarami ba ya karanta boko, Larai ma haka, amma wayarta na karɓar bokal, wato saƙon murya, kuma 'yan'uwa ba sa rowar mugun labari. Yana cikin dama labu, haɗin da ake tsoma kilishi a ciki, ta fito tsakar gida da waya a kunne.

"Malam, ka ji abin da ake cewa? Wai ba ka da imani. Wai ido gare ka ko dutse. Wani ma ya ce a kai ka jandarma."

"Jandarman ma kilishina suke ci."

"Ga ta Hajiya Bilkisu kuma."

Ta danna. Muryar Hajiya ta cika gidan: ita dai an tarbiyyantar da ita, ba ta cin abin hannun wanda ba ya ganin girman ciwo, kar a sake ɗora mata komai.

Ɗanƙarami ya ci gaba da dama labu.

"Don Allah Malam, kalma ɗaya ce fa. Ka tsallaka ka ce masa sannu gaban waya, kowa ya huta. Sannu kuɗi ce?"

"Ta fi kuɗi tsada. Kin ɗora romon?"

Don kullum sai ya ware ƙashi mai ɓargo an dafa romo, Larai ta kai wa Mai Nasara. Saƙon da ke tafiya da kwanon ba ya canzawa: ruwan wankin tukunya ne, an rasa karen da zai sha. Amsar da ke dawowa ita ma ba ta canzawa: an karɓa, za a jiƙa fata da shi.

Komand ta ja baya. Gadon kara uku da yake shanyawa ya koma ɗaya. Rahama da kanta ta same shi a rumfa, ta durƙusa, idanunta sun kumbura.

"Baba Ƙarami, bari in gaya musu. Ina ganin abin da suke rubutawa, ba na iya barci. Kai ake zagi a kan abin da ba ka yi ba."

"Ubanki ya ce ki faɗa?"

"Bai ce ba."

"Kayanki ana saye?"

"Ana saye."

"Don tausayi?"

Ta girgiza kai. "Wata ta mayar da jaka ma shekaranjiya, wai igiyar ta yi gajere."

"Madalla! Wadda ke tausayinki ba za ta mayar ba. Tashi ki je ki ƙara mata igiya. 'Ya'yan dukawa sai kuka, kamar an taɓa albasa."

Da damina ta yi tsaka Mai Nasara ya daina fitowa zaure. Rahama ta riƙa sa tsofaffin bidiyo da hotunan kaya. Wata la'asar, bayan an ɗauke ruwa, ta leƙo ta ce Baba na kira.

Ɗakin yana warin jiƙaƙƙen bango da fata. Ɗanƙarami ya sunkuya ya shiga. Abin da ya gani kan gado bai kai rabin mutumin da ya sani ba. Ciki ya kumbura, sauran jiki ya tafi. Sandarsa na jingine a bango, hularsa na rataye a kanta. Ba waya, ba kowa, su biyu ne kawai.

Ya zauna a ƙasa, gadon ya zo masa daidai ƙirji. Ya tuna suna yara suna hawan duwatsun bayan Birni, wannan ne kullum a gaba, yana juyowa yana kiran shi buhun tumbi. Bakinsa ya buɗe da kansa.

"San..."

Idon Mai Nasara ya buɗe tar. Ya kafe shi da shi.

"San... sandar nan taka ma ta fi ka nama yanzu. Ita zan saya in yi kilishi."

Dariya ta kama tsohon, irin wadda ba ta da sauti, sai kafaɗu ke motsi. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido.

"Saura kaɗan, Bangaro. Saura kaɗan ka yi asara."

"Ina kubena?"

"Yana hanya."

"Shekara nawa yana hanya? Daga Makka yake zuwa a ƙasa?"

"Mai haƙuri..." Sai ya fasa, ya yi numfashi. "A'a, kai ba ka da shi. Jira dai."

Indararo na ɗiga a waje. Can Mai Nasara ya ce, "Ka yafe mini."

"Ban yafe kube ba. Sauran na yafe. Ni ma ka yafe mini."

"Jakunan Birni za ka roƙa."

Ɗanƙarami ya fito, ya tsallaka lungu, ya shiga bayan rumfarsa inda ake tara itace. Larai ta ce ya daɗe a can, kuma da ya fito ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido, alhali ba a hura wuta ba ranar.

Wata rana da hantsi Allah ya karɓi ran Mai Nasara, daidai lokacin da suka saba zama. Ɗanƙarami yana shimfiɗa nama kan kara ya ji salatin mata ya tashi daga cikin gidan. Ya ƙarasa shimfiɗa fallen da ke hannunsa, ya gyara masa gefe, ya wanke hannu, sannan ya tsallaka.

Birni ta cika. Dukawa sun zo, majema sun zo, mahauta sun rufe tebur sun zo. Da aka fito da makara za a ɗauka, Ɗanƙarami ya sha gabanta ya buɗe hannuwa, kamar yadda abokan wasa ke yi in tsoho ya cika da kyau.

"Ba inda za shi! Ɓarawon fata zai gudu da kubena! Dukawa, ku fanshe shi ko ku bar mini shi in jeme!"

Dattawa suka yi murmushi cikin rawani. Wani tsohon baduku ya ciro goro ya danƙa masa, ya ce, "Karɓi, bawa, ba mu hanya." Ya kauce, ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin makarar, kuma bai bari an karɓe shi ba har maƙabarta.

Amma akwai wanda ya ɗaga waya a cikin taron. Kafin a dawo daga rufewa, duniya ta ga mahauci ya tare gawa yana kiran ta ɓarawo. Larai ta kashe wayarta ta jefa cikin kwalla.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a an watse, Rahama ta tsallako rumfa da abu naɗe cikin ƙyalle. Ta ajiye masa a kan tebur.

Kube ne. Jar fata mai ɗaukar ido, an bi gefenta da korino, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran fara, tuntaye uku na lilo a ƙasa. Ɗanƙarami ya juya shi, ya sake juyawa. Duk tsawon zamansa da dukawa bai ga irinsa ba. Ya ɗauko wuƙa ya goge ta, ya kai tsininta bakin kuben.

Ta ƙi shiga.

Ya duba da kyau. An ɗinke bakin ruf, daga wannan gefe zuwa wancan. Shi wannan ɗinkin ba kamar sauran ba ne: ya karkace, wani wuri ya yi nisa, wani ya matse.

"Ya ce in ba ka tukuna, sannan in saka wannan," in ji Rahama. Ta miƙa masa waya.

Ba fuska a bidiyon. Hannuwa ne kawai, ƙasusuwa da jijiya, riƙe da jan kube da basilla. Sai muryar, ta yi ƙasa amma ba ta canza hali ba.

"Jama'a, Mai Nasara ne baduku, daga Birni. Ku dubi kuben nan da kyau. Duk ɗinkin jikinsa na Rahama ne. Tun bara ma duk abin da kuka saya hannunta ne, ni surutu kawai nake. Wanda ya ga aibu ya mayar. Baki kaɗai na ce a bar mini."

Basilla ta huda fata da ƙyar. Hannun ya huta, ya ja zare.

"Ku kuma masu zagin Ɗanƙarami, wa ya ara muku shi? Nawa ne, gadonsa na yi. Ku je ku tambayi kakanninku abin da ke tsakanin baduku da mahauci. Ni na hana shi ce mini sannu, kuma ya riƙe. Ban san mahauci na iya riƙe wani abu ban da ƙafar akuya ba. Kilishinsa kuwa ku saya. Ba daɗi gare shi ba, amma jakunan sun riga sun mutu, kar su tafi a banza."

Huda ta ƙarshe. Ya ƙulla zaren, ya ɗaga kuben gaban waya.

"Bangaro, ga kubenka. Na auna shi da bakinka, ba da wuƙarka ba. Ka rama in ka iya."

Ɗanƙarami ya yi wata dariya da ta tashi tantabarun kan soro. Ya buga tebur, ya riƙe ciki, ya buɗe baki zai mayar da martani kamar kullum, ya juya wajen zauren. Buzu na nan a shimfiɗe. Ya rufe bakin.

"Saka shi," ya ce wa Rahama. "Kar ki yanke komai."

To, in ana lissafin wanda ya ci da wanda aka ci a wannan ciniki, ga yadda ta kaya. Rahama ta ci: komand ta yi mata yawa har ta ɗauki mata biyu suna taya ta, kuma yanzu kowa kube yake so, jan nan mai gefen korino. Mai Nasara ya ci: ba wanda ya taɓa ganin haƙarƙarinsa a waya, kuma shi ya yi magana ta ƙarshe. Masu zagi wasu sun dawo da ban haƙuri, wasu sun wuce wani bidiyon sun manta. Hajiya Bilkisu ba ta dawo ba; an ce kunya ce, an ce ta samu wani mai kilishi a hanya. Gadon kara ya koma biyu, bai koma uku ba.

Ɗanƙarami shi aka ci, kuma in ka faɗa masa haka sai ya gyara zama ya ce a Damagaram kaf ba a taɓa cin mutum da kyau irin nasa ba. In ya je ziyara maƙabarta yana yin addu'a, ya ƙare da zagi ɗaya ko biyu. Sannu dai har yau bai faɗa ba, don ya ce ba su yanka wa cinikin wa'adi ba.

Larai ta taɓa ɗauko reza za ta farke masa bakin kuben ya samu amfani. Ya karɓe rezar. Yana nan rataye a ƙusa saman teburinsa, inda mai fitowa daga zauren can zai fara gani. In iska ta biyo lungu sai tuntayen su motsa. Wuƙar kuwa tana ƙasa kan katako, tsirara, yadda take tun farko.